Ƙaura Daga Gajimare Zuwa Gajimare

Ranar Juma'a za su rufe mana rumbu.
Saƙon ya zo da Faransanci mai ladabi:
kuɗin aiki ya ƙare,
a miƙa komai ga ƙungiyar Garwa.
Yau Laraba. Ni kaɗai na rage a biro,
ni da fanka mai ɗingishi.

Shekara bakwai muna zuba kaya a gajimaren
da bai taɓa yi wa Marwa ko yayyafi ba.
Sunayen masu rijiyoyin Meskin,
lissafin albasa buhu-buhu,
hotunan Yagwa, shekarar da kogi ya shigo ɗaki
ya kwanta a gadon mutane.
Dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da shida.
Na ƙirga su kamar mai shirin tashi da garke.

Na ɗauka ɗauka ce da ajiyewa,
kamar sauke tulu.
Ina! Ƙofarsu ta ce ba ta san ni ba.
Na kira Asta-Jam a Garwa,
ta ce mai makullinsu yana biki a Ngaundare.
Sai la'asar ya amsa waya, kiɗa na tashi bayansa,
ya buɗe mini 'yar kafa, ta shigar akuya ɗaya.

Shuɗin layi ya fara rarrafe.
Kashi tara. Kashi tara. Kashi goma.
Wuta ta ɗauke a Domayo, rezo ya bi ta.
Na rungumi kwamfuta a bayan babur,
muka haye Mayo Kaliyo, yashi zalla,
zuwa shagon Njidda mai hasken rana.
Can na kwana kan benci, sauro na karɓar haraji.

Daren Alhamis garke ya haye,
ban da ɗari uku da sha biyu
da suka toge a bakin ruwa.
Mai su ne kaɗai zai iya bayarwa, in ji na'ura.
Mai su: Hamajoda.
Ga ɗan hotonsa a gefe, hula a karkace.
Damina biyu ke nan da muka kai shi.
Wa zai gaya wa na'ura?
Ba ta zo zaman makoki ba.

Na bi sunayen da ya raɗa musu:
rijiya ta ƙarshe,
ta ƙarshe biyu,
ta ƙarshe wallahi.
Na yi dariya har Njidda ya leƙo,
ya ga fuskata, ya koma bai ce komai ba.

Dabara ɗaya ta rage.
Na sauko da su ƙasa, na hau da su da hannuna.
Suka isa lafiya,
amma kowane ya sa sunana, ya sa kwanan yau,
kamar ni na zura guga a rijiya saba'in.
Maganganun da ya rataya a gefen shafi kuwa
sun zube a hanya:
ruwan nan da gishiri, a sake ɗanɗanawa;
tsohuwar nan ta ba mu gyaɗa, kar a manta da ita.

Sai na buɗe farin shafi
na bi tsohon rumbu ina tsince su ɗaya-ɗaya,
har ladan ya yi gyaran murya.
A sama na rubuta: Hamajoda ne ya auna.

Da hantsi Asta-Jam ta aiko:
lissafinka bai yi daidai ba, ɗaya ya ƙaru.
Na ce ki bar shi, tare suke.

Bayan an sauko daga masallaci
na taɓa tsohuwar ƙofa, don sabo.
Ta ce babu mai wannan suna.
Na kai wa mai gida makullin biro,
ya tambayi wanda zai biya kuɗin wutan watan jiya.